Ina so in sallami mai kula da sitona, wace hanya zan bi?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da kamfanin rarraba kaya mai ma'aikata goma sha takwas. Mai kula da sitonmu ya shekara huɗu tare da mu. Tun bara ya fara makara, wata rana ma ba ya zuwa, sai dai ya bugo waya. Sau biyu ana ƙirga kaya ana samun giɓi. Zuciyata ta ba ni shi ne, amma ban kama shi da komai a hannu ba. Ga ciniki ya ja baya, dama ina tunanin rage mutane. Wani abokina ya ce in ba shi albashin wata ɗaya in sallame shi, kada in faɗi dalili. Wani kuma ya ce in matsa masa har ya rubuta takardar ajiye aiki da kansa. Ba na son zalunci, ba na kuma son kotu. Mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka taɓa hanyar cin abincin mutum.

Idan na fahimce ka, so kake ku rabu da wannan ma'aikaci ta hanyar da ba za ta jawo maka sammaci ba, ba kuma za ta bar maka haƙƙin wani a wuya ba. Sai dai matsaloli uku na gani a ƙulle wuri ɗaya cikin wasiƙarka: makara da fashin aiki, zargin ɓatan kaya, da ja-bayan ciniki. Kowacce tana iya zama halastaccen dalilin raba mutum da aikinsa, amma kowacce da hanyar da doka ta shimfiɗa mata, kuma taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. A aikina na ba masu kamfani shawara, babu abin da na ga yana kayar da su a kotu kamar wannan cakuɗawar. A ofis an gaya wa mutum ana zarginsa da sata, a takarda an rubuta rage ma'aikata, da aka je gaban alƙali sai lauya ya koma maganar makara. Alƙalin da ya ji dalili uku daga baki ɗaya yakan fara shakkar duka ukun. Don haka aikinka na farko shi ne ka tambayi kanka tsakani da Allah: don me nake so ya tafi? Amsar da ka samu, ita kaɗai za ka bi.

Ba ka faɗi ƙasar da kamfaninka yake ba, ban kuma ga takardar ɗaukarsa aiki ba, alhali dokar ƙwadago kowace ƙasa da tata. Abin da zan iya shi ne in nuna maka ginshiƙan da yawancin ƙasashe suka yi tarayya a kansu, in riƙa kawo misali daga nan da can domin ka ga inda ake rabuwa.

Shawarar abokinka na farko

Ba daga kansa ya ƙago ta ba. Tsohuwar ƙa'ida ce ta dokar Ingila da ta bi mulkin mallaka zuwa ƙasashe masu yawa: ubangida yana iya sallamar ma'aikacinsa da dalili mai kyau, ko marar kyau, ko ba dalili sam, muddin ya ba shi notis ɗin da suka yi yarjejeniya a kai, ko kuɗi a madadinsa. Amurka ce babbar ƙasar da ta fi riƙe irin wannan tsarin har yau, in ban da jihar Montana da ta yi dokarta daban a 1987. Ko a can ma ƙofar ba a wangale take ba, domin dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana korar mutum saboda launin fata, addini, jinsi ko asalin ƙasarsa.

Sauran duniya ta daɗe da matsawa daga nan. Ita kanta Ingila ta shigar da haƙƙin ƙalubalantar korar rashin adalci cikin dokarta tun 1971. Faransa ta biyo baya a 1973, ta ce dole sallama ta tsaya a kan dalili na gaskiya mai nauyi. A 1982 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 158, wadda ta zama ma'aunin da ake komawa gare shi. Sashenta na 4 ya ce ba a raba mutum da aiki sai da ingantaccen dalili, kuma dalilin daga ɗayan wurare uku zai fito: iyawarsa, halayyarsa, ko buƙatar tafiyar da kamfani. Sashe na 5 ya jero abubuwan da ba za su taɓa zama dalili ba, kamar shiga ƙungiyar ƙwadago, kai ƙarar ubangida, juna biyu, hutun haihuwa, addini, ra'ayin siyasa, jinsi da ɗawainiyar iyali. Na 6 ya ƙara da rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda rashin lafiya ko rauni. Na 7 kuma ya ce ba a korar mutum kan halayya ko aikinsa kafin a ba shi damar kare kansa.

Nijar ta amince da wannan yarjejeniya a 1985, Kamaru a 1988. Gana ta sa fasali na musamman kan sallamar adalci da ta rashin adalci a dokar ƙwadagonta ta 2003. Najeriya ba ta amince da yarjejeniyar ba, kuma kotunanta sun daɗe a kan tsohuwar ƙa'ida, amma gyara na uku da aka yi wa kundin tsarin mulki, na 2010, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba rashin adalci a harkar aiki tare da la'akari da ƙa'idojin duniya. Tun daga nan kotun ta sha yanke hukuncin cewa sallama ba dalili ba ta dace ba. Lauyoyi suna nan suna jayayya kan iyakar wannan iko, amma ni ba zan ba ka shawara ka mayar da kamfaninka fagen da za a gwada jayayyar ba.

Akwai kuma abin da abokin naka bai duba ba. Shiru yana aiki ne inda babu wani labari a ƙasa. Kai kuwa duk ma'aikatanka sun san an ƙirga kaya an samu giɓi. Ranar da mai sito ya fita da takarda marar dalili, kowa zai cike gurbin da kansa, shi kuma zai gaya wa kotu cewa zargin sata aka kore shi a kai ba tare da an ji ta bakinsa ba. Sai ka wayi gari kana kare zargin da ba ka rubuta ba, ba ka kuma bincika ba.

Idan makara ce dalilinka

Ka fara da tambayar da yawancin iyayengiji ke tsallakewa. Mutumin da ya yi shekara uku yana zuwa a kan lokaci, me ya same shi a ta huɗu? Kira shi ku biyu, ka tambaye shi. Idan ciwo ne ke damunsa, ko jinyar wani nasa, to maganar ta fita daga layin ladabtarwa, ta koma ta neman takardar likita da duba ko za a iya gyara masa lokacin aiki. Korar mai ɗan gajeren rashin lafiya tana cikin abubuwan da suka fi tsada a kotu, kuma bayan tsadar ma ba daidai ba ce.

Idan babu uzuri mai kama hankali, sai a shiga rubutu. Makara ba ta cikin laifukan da ake kora nan take a kansu. Shawarar da ta rako yarjejeniyar 158, mai lamba 166, ta ce laifin da sai an maimaita shi yake kai ga kora, dole a fara da rubutaccen gargaɗi. Nan ne na fi ganin rauni a fayil ɗin ma'aikata. Mai kamfani zai rantse ya yi wa mutum faɗa sau ashirin, a ce ya kawo shaida, babu ko layi ɗaya. Wani kuma ya rubuta, amma abin da ya rubuta shi ne "ba ka ɗauki aikinka da muhimmanci ba." Wannan ra'ayi ne, kuma mutum ba ya iya kare kansa daga ra'ayi. Takardar neman ba'asi mai amfani ga yadda take: "A ranakun 3, 7 da 12 ga wata ka iso bayan ƙarfe tara da rabi, alhali ƙarfe takwas ake fara aiki. Ranar 15 ba ka zo ba, ba ka kuma nemi izini ba. Ka ba da bayani a rubuce cikin kwana uku." Ya sa hannu a kan kwafi cewa ya karɓa. Idan ya ƙi, wanda ya kai masa ya rubuta rana da lokaci a gaban shaida. Amsarsa ta shiga fayil. Idan ba ta gamsar ba, a ba shi gargaɗi mai faɗin abin da ake so ya gyara, cikin wane lokaci, da abin da zai biyo baya in bai gyara ba. In ya sake, gargaɗin ƙarshe. In ya kuma, a zauna da shi, sannan a sallame shi da cikakken notis.

Abu biyu ke rushe wannan hanya ko da an bi ta. Na ɗaya son kai: idan littafin zuwa aiki ya nuna wasu ma suna makara, har da ɗan uwanka da ke ofis, amma shi kaɗai aka rubuta wa, lauyansa littafin zai fara nema. Na biyu jinkiri. Laifin da ka sani ka yi shiru a kai wata da watanni, ana iya ɗauka ka yafe shi. A Faransa ma wata biyu kacal doka ta ba ubangida ya fara ɗaukar mataki daga ranar da ya san laifin. Makarar bara da ba a rubuta ba, ka ƙyale ta, ka fara lissafi daga yau.

Idan ɓatan kaya ne

A nan zan fi daɗewa, domin ina jin shi ne ainihin abin da ke ranka, kuma shi ne mafi haɗari gare ku duka biyu.

Sata babban laifi ce, irin wanda kusan kowace doka ta yarda a kori mutum a kansa nan take, ba notis. Ofis kuma ba kotun laifi ba ne, saboda haka a ƙasashe da yawa ba sai alƙali ya fara samun mutum da laifi ba kafin ubangida ya rabu da shi. Amma "zuciyata ta ba ni" ba ya tsayawa ko'ina. Kotunan Ingila sun tsara ma'auni a wata shari'a ta 1978 da aka fi sani da Burchell, kuma har yau shi nake sa masu kamfani su auna kansu da shi ko a wace ƙasa suke. Tambaya uku ce. Da gaske ka yi imani ya aikata? Kana da hujjar da mai hankali zai gina wannan imani a kai? Ka yi binciken da ya dace kafin ka kai ga imanin? Daga abin da ka rubuto, ta farko kaɗai za ka iya cewa eh.

Bincike a sito ba abu ne mai wuyar ganewa ba, haƙuri kawai yake so. Makullai nawa ne, suna hannun wa? Wa ke karɓar kaya idan mota ta iso, ana ƙirgawa a gabansa ko sa hannu kawai ake yi? Takardun fitar da kaya sun yi daidai da rasit ɗin masu saye? Ranakun da bai zo aiki ba, wa ya buɗe siton? Wannan ta ƙarshe ka riƙe ta da kyau, domin fashin aikin da kake ƙorafi a kai yana nufin akwai ranakun da wani ne ke riƙe da wurin. Ƙirgar da aka yi sau biyu, yana nan aka yi, ya sa hannu a kan sakamakon?

An taɓa kirana in zauna a kwamitin binciken irin wannan giɓi. Mai kamfanin ya riga ya rubuta takardar kora, sa hannu kawai ya rage. Muka sa aka kawo takardun karɓar kaya na wata shida muka jera su da littafin sito. Sai ga shi duk ranar da lissafi ya ƙi daidaita, kayan sun iso ne bayan an tashi aiki. Mai gadi ke buɗe wa direba, a sauke ba ƙirga, washegari mai sito ya sa hannu a kan adadin da ke takardar direba. Tun a hanya kayan ke raguwa. Laifin mai siton shi ne sa hannu a kan abin da bai ƙirga ba. Wannan sakaci ne, ya kuma sami gargaɗi a kansa, amma da an kore shi da sunan sata, da an ɓata masa suna a banza, kayan kuma su ci gaba da ɓacewa. Na kuma ga inda bincike ya tabbatar da zargin, aka shimfiɗa wa mutum takardu a kan tebur, ya duba, ya amsa da bakinsa. Irin wannan korar ba ta cika zuwa kotu ba.

Yayin da ake bincike kana iya dakatar da shi na ɗan lokaci domin kada a taɓa takardu, amma da albashinsa, sai fa idan kwantiraginsa ko dokar ƙasarka ta ba ka izinin akasin haka a fili. Takardar dakatarwar ta faɗi cewa ba hukunci ba ne. Kada ta wuce mako biyu ko uku ba tare da dalili ba, domin dakatarwar da ba ta da ranar ƙarewa kora ce a ɓoye.

In bincike ya nuna akwai abin amsawa, sai a rubuta masa tuhumar dalla-dalla, kaya iri kaza, adadi kaza, tsakanin rana kaza da kaza, a haɗa masa da kwafin takardun da za a dogara da su, a ba shi kwanakin shiri. A ranar zama ya zo da abokin aiki ko wakilin ƙungiya idan yana so. Dokar aiki ta Kenya ta 2007 ta wajabta a yi wa ma'aikaci bayani da harshen da yake ji, a gaban wanda ya zaɓa, kuma wannan kyakkyawar ɗabi'a ce ko inda ba a wajabta ba. Idan da hali, wanda ya yi binciken kada ya zama shi ne mai yanke hukunci. Na san a kamfani mai mutum goma sha takwas hakan yana da wuya, amma ko akantanka ya yi binciken kai ka saurara, ya fi a ce kai ne mai ƙara, kai ne shaida, kai ne alƙali. A rubuta abin da aka faɗa, kowa ya sa hannu. Kada a miƙa masa takardar hukunci a wurin zaman, domin takardar da aka buga kafin a saurari mutum shaida ce cewa sauraren na jeka-na-yi-ka ne.

Wasu abubuwa uku nake roƙonka ka guje musu. Kada ka kira shi ɓarawo a gaban ma'aikata ko a dandalin WhatsApp na kamfani, kada kuma ka buga hotonsa da sanarwar da ke nuna laifi, domin ƙarar ɓata suna daban take da ta kora, kuma ana iya haɗa maka su. Kada ka yanke kuɗin kayan daga albashinsa da ƙarfin kanka. Albashi yana da kariya ta musamman tun yarjejeniyar duniya mai lamba 95 ta 1949, a Najeriya ma sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya ce yanke albashi saboda asarar da ma'aikaci ya jawo sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Sannan kada ka mayar da 'yan sanda abin tsoratarwa. Kai rahoton laifi haƙƙinka ne idan kana da hujja, amma sa a tsare mutum don ya sa hannu a takardar amsa laifi ko ta biyan kuɗi zalunci ne, kuma takardar da aka samu ta wannan hanya ba ta da ƙarfi a gaban alƙali.

Idan ciniki ne

Rage ma'aikata halal ne a ko'ina, babu dokar da ta tilasta maka riƙe mutanen da ba ka iya biya. Amma gurbin aiki ake sokewa, ba mutum ake farauta ba. Kamfanin rarraba kaya ba ya rayuwa ba mai kula da sito. Idan ka sallame shi da sunan rage ma'aikata, bayan wata ɗaya ka ɗauki wani a kujerarsa, ka rubuta wa lauyansa shari'ar da hannunka.

In da gaske za ka rage, to aikin na kamfanin ne gaba ɗaya. Ka fitar da lissafin da ke nuna buƙatar, ka sanar da ma'aikata ko wakilansu tun da wuri, ka saurari shawararsu kan rage awanni ko sauya wa wasu wurin aiki, ka sa ma'aunin zaɓe da za a auna kowa da shi. Sashe na 20 na dokar Najeriya ya ce na ƙarshen shigowa shi ne na farkon fita, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, ya kuma ce a yi ƙoƙarin sasantawa kan kuɗin sallama. Wasu ƙasashen sun yanke adadin: Afirka ta Kudu aƙalla albashin mako ɗaya kan kowace shekarar aiki, Kenya aƙalla na kwana 15.

Matsa masa ya ajiye aiki

Wannan shawara ta biyu ita ce mafi muni, ina kuma so ka ajiye ta gaba ɗaya. Mutumin da aka rage wa albashi ba dalili, aka ƙwace masa makullai aka bar shi zaune ba aiki, ake ci masa fuska a gaban na ƙasa da shi har ya gaji ya rubuta takarda, dokokin ƙasashe da yawa suna ɗaukarsa a matsayin korarre. Takardar ajiye aikin ba ta kare ka, kuma a lokacin ba ka da dalilin da ka rubuta, ba ka da zaman da ka yi, sai tarin shaidun wulaƙanci. Haka nan wanda aka kira ofis aka ce ya rubuta yanzu ko a kira 'yan sanda.

Akwai hanya mai tsabta da ta yi kama da wannan a ido amma ta sha bamban da ita, wato rabuwa bisa yardar juna. Ka ce masa a fili, zaman nan ya daina yi mana daɗi, ga abin da zan ba ka bayan haƙƙoƙinka idan ka yarda mu rabu lafiya, je ka yi shawara. Ka ba shi kwanaki, ka bar shi ya nuna wa lauya ko ƙungiyarsa, kuma ya san cewa in ya ƙi, aikinsa yana nan. Faransa ta mayar da wannan tsari doka a 2008, har ta ba kowane ɓangare kwana 15 na janyewa bayan sa hannu. A Ingila irin wannan yarjejeniya ba ta hana ma'aikaci kai ƙara sai idan ya samu shawarar masani mai zaman kansa kafin ya sa hannu. Dalilin duk waɗannan sharuɗɗa ɗaya ne, a tabbatar yardar ta gaske ce. Sau da yawa albashin wata biyu ko uku da aka ƙara wa mutum ya fi sauƙi a kan kuɗin lauya da shekarun zirga-zirgar kotu.

Ranar rabuwa

Ko wace hanya ta kai ka ga sallama, notis nasa ne, in ban da babban laifin da aka tabbatar. Ga mai shekara huɗu, mafi ƙarancin da dokar Najeriya ta sa mako biyu ne a rubuce, ta Gana wata ɗaya, ta Ingila mako huɗu. Idan kwantiraginsa ya ba shi fiye da haka, na kwantiragin za ka bi. Idan kuɗi za ka bayar a madadin notis, ka biya tare da takardar, kada ka ce ya dawo ƙarshen wata. Takardar ta zama gajeriya: dalili ɗaya, matakan da aka bi da ranakunsu, ranar ƙarshe ta aiki, lissafin abin da za a biya shi, da wanda zai kai wa kuka idan bai gamsu ba.

Ko wanda aka kora kan sata yana da albashin kwanakin da ya yi aiki. A lissafa masa hutun da bai ci ba, alawus ɗin da ya taru, garatuti idan yana cikin sharuɗɗan aikinsa, da kuɗin fansho. Wannan na ƙarshe yakan tona asirin kamfanoni. A Najeriya, alal misali, dokar fansho ta 2014 ta hau kan mai ma'aikata 15 ko fiye, kashi 10 daga kamfani, kashi 8 daga ma'aikaci, kuma wanda aka sallama shi ne na farkon zuwa duba ko an zuba masa. Ka ba shi takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar farawa, ranar gamawa da irin aikin da ya yi. A karɓi makullai, a ƙirga kaya a gabansa, ku biyu ku sa hannu. Ka adana fayil ɗin, domin wa'adin kai ƙara ya bambanta ƙwarai, daga kwana 30 a Afirka ta Kudu zuwa shekaru a wasu wuraren.

Da ni ne a matsayinka, Alhaji, ba zan sallami kowa a wannan watan ba. Zan fara da zaman nan na mu biyu kan makara. A mako guda kuma zan sa a yi sabuwar ƙirga a gabansa, a rage makullai, a hana sauke kaya ba ƙirga, a kuma bi takardun giɓin nan biyu. Cikin wata ɗaya ko biyu za ka san ko ɓarawo gare ka, ko mai sakaci, ko mai wata damuwa a gida, ko kuwa tsarin sitonka ne ke yoyo. Maganar rage ma'aikata kuma ka ware ta, ka yi ta da lissafi a gabanka, ba da sunan mutum ɗaya a ranka ba.

Abin da na faɗa bai maye gurbin lauyan ƙwadago na ƙasarka ba, ko ofishin ƙwadago mafi kusa da kai, domin a wasu ƙasashen akwai takardun da dole a kai wa sufeton aiki kafin wasu nau'o'in sallama, kuma idan mutumin wakilin ma'aikata ne yana iya samun kariya ta musamman. Ka tafi da takardar ɗaukarsa aiki, ƙa'idojin kamfani idan akwai, littafin zuwa aiki, takardun albashinsa na shekara ɗaya da sakamakon ƙirgar nan biyu. Kafin nan kada ka yanke hukunci a ranka, kada kuma ka gaya wa kowa a kamfanin cewa zai tafi, ko da manajanka ne. Irin wannan magana tana fita, kuma idan ta tabbata an gama yanke hukunci kafin a ji ta bakinsa, duk zaman da aka yi daga baya ba zai amfane ka a gaban alƙali ba.